Kalmar “beli” da “sakin talala” cikin rubutun labarai

Mai sauraro a Magariya ko Dungas, bakin iyakar Najeriya, yana jin labarai iri biyu: na gidajen rediyon Kano da Kaduna, da na Yamai da Damagaram. Idan kotu ta saki wanda ake tuhuma kafin yanke hukunci, na farko su ce “beli”, na biyu su ce “sakin talala”.

“Beli” aro ce daga Ingilishi. An ƙara mata wasalin -i, ta zama suna namiji: neman beli, hana beli, soke beli. A “belin wane”, mahaɗin -n yana nuna wanda aka saki. Kada a haɗa ta da *bail* ta Faransanci, wadda ke nufin yarjejeniyar haya.

“Sakin talala” kuwa fassara ce ta *liberté provisoire*. Talala doguwar igiya ce da ake ɗaure dabba da ita: tana kiwo, amma ba ta kuɓuce ba. Haka aka faɗi labarin Hama Amadu a watan Maris 2016, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta yi masa wannan saki.

A ganinmu kalmomin biyu ba daidai suke ba. “Beli” tana jawo tunanin kuɗi da mai tsaya wa mutum, alhali alƙali a Nijar yana iya sakin mutum ba tare da ajiyar kuɗi ba. Ɗan jaridar da ya rubuta “beli” a nan yana iya sa iyalin ɗaurarre su ɗauka da kuɗi ake fita. “Sakin talala” ta fi dacewa, domin tana tunatar da cewa shari'a ba ta ƙare ba.