Sunayen Lokutan Shekara a Duwatsun Abzin

Bahaushen Maraɗi ko na Damagaram yana auna shekara da gonar hatsi. Damina lokacin shuka ne da noma, kaka lokacin girbi, dari lokacin hutun manomi, bazara kuwa lokacin sharar gona da jiran ruwa. A duwatsun Abzin, inda Hausa take harshen kasuwa, ana amfani da waɗannan kalmomi, amma aikin da ke ƙarƙashinsu daban ne.

A Tamajak ma lokutan huɗu ne: akasa, gharat, tagrest da awelan. Akasa ita ce damina, daga Yuli zuwa Satumba. Ruwanta kaɗan ne, bai isa noman gero ba. Amfaninsa shi ne ya kwararo daga duwatsu, ya cika koramu, ya tayar da ruwan rijiyoyi, ya fitar da ciyawa. Gharat ta dace da kaka, sai dai ba a ɗaura dami. A lokacin ne ayarin raƙuma yake tashi zuwa Fashi da Bilma neman gishiri da dabino, daga baya ya gangara ƙasar Hausa sayen hatsi. Ayarin ya ragu ƙwarai tun bayan farin 1973 da na 1984 da kuma shigowar motoci, amma bai ɓace ba.

Tagrest, wato dari, shi ne lokacin aiki mafi yawa ga masu garka a Timiya da Tabelot da Iferwan. Da ruwan rijiya suke shayar da alkama da dankalin turawa da tafarnuwa. A kan Bagazam, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, ruwa yakan daskare da dare a Disamba da Janairu. Girbin alkama yana zuwa ne gab da awelan, lokacin zafi, sa'ad da rumbun kudu ya fara ramewa.

Abu biyu muke so masu tsara karatun manya su lura da su. Na farko, littafin da ya ce "an yi girbi da kaka" ba ya faɗa wa mai garkar Timiya gaskiyar aikinsa, kuma ɗalibin da ya ga littafi ya saɓa wa idonsa yakan daina yarda da shi. Na biyu, ajin da aka buɗe da dari, bisa al'adar kudu, yakan tarar da masu garka a bakin rijiya, ƴan ayari kuwa suna kan hanya. Saboda haka, kafin a tsayar da ranar buɗe aji ko a buga darasi, ya wajaba a tambayi kowane gari abin da yake yi a kowane lokaci.