Yadda masana suka rage gudun haske, da abin da ya sa gwamnatoci ke zuba ido

Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya a sarari. A shekarar 1999, Lene Hau, masaniyar kimiyyar lissafi da yanayin halitta 'yar ƙasar Denmak, ta jagoranci tawaga a Amurka da ta rage gudunsa zuwa mita 17 a daƙiƙa, wato kamar gudun mota a cikin gari.

Sirrin yana cikin ƙwayar zarra. Kowace ƙwaya tana da matakan kuzari, kuma idan hasken da ya dace da tazarar matakanta ya same ta, sai ta shanye shi. Amma idan aka haska mata leza ta biyu, sai a buɗe mata hanya ta biyu ta hawa matakin sama. A dokar kimiyyar kwantom, waɗannan hanyoyi biyu suna haɗuwa kamar igiyoyin ruwa: tudun ɗaya ya faɗa kwarin ɗaya, su shafe juna. Sakamakon haka ƙwayar ta daina shanye hasken, gajimaren da a da ya tare shi ya zama garau. Stephen Harris na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa ne suka nuna hakan a 1991, da tururin sinadarin sitrontiyam.

Wannan shafewa tana yiwuwa ne muddin matakan ƙwayar suna tafiya a jere da juna, ba tare da sun saɓa ba. Zafi da karon ƙwayoyi suna rushe wannan daidaito cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa Hau ta sanyaya ƙwayoyin sodiyam har dab da matuƙar sanyin da ke yiwuwa. A 2001 tawagarta ta tsayar da hasken cak, ta adana bayaninsa a jikin ƙwayoyin, sannan ta sake shi.

A nan ne siyasa ta shigo. Wanda ya iya adana haske ya samu ma'ajiyar da hanyar sadarwar kwantom ke buƙata, hanyar da mai leƙen asiri ba zai taɓa saƙonta ba tare da ya bar alama ba. Sin ta harba tauraron ɗan adam na Micius a 2016 domin gwajin irin wannan sadarwa, Amurka kuma ta kafa dokar tallafa wa binciken kwantom a 2018. Ƙasar da ba ta horar da masananta a wannan fanni ba, tsaron saƙonninta zai dogara ga na'urorin wasu.