Farfesa Farooq Azam da maƙalar da ta sauya fahimtar rayuwa a teku

A duniyar kimiyya, ana auna tasirin masani da yawan takwarorinsa da suka kafa hujja da aikinsa. Tarihin Farfesa Farooq Azam, masanin ƙananan halittun ruwa, ya nuna amfanin wannan ma'auni da kuma iyakarsa.

A shekarar 1983 ne wata mujallar kimiyya mai suna Marine Ecology Progress Series ta buga wata maƙala da ba ta wuce shafi bakwai ba. Masana shida ne suka rubuta ta, ciki har da Tom Fenchel na Denmark, da John Field na Afirka ta Kudu, da Frede Thingstad na Norway. Sunan da ke kan gaba shi ne na Farooq Azam, ɗan asalin Pakistan, wanda ya yi karatu a Jami'ar Punjab da ke Lahore kafin ya shafe shekaru da dama yana bincike a cibiyar nazarin teku ta Scripps a jihar Kaliforniya ta Amurka. Daga wancan lokaci zuwa yau, masana sun ambaci maƙalar sau dubbai a cikin nasu rubuce-rubucen.

Abin da maƙalar ta ƙunsa

Kafin shekarun 1970, akasarin masana na ganin cewa tsarin abinci a teku miƙaƙƙe ne: ƙananan tsirrai masu yawo a saman ruwa na samar da abinci da hasken rana, ƙananan dabbobi su ci tsirran, kifi kuma ya ci dabbobin. Bakteriya kuwa, ana ɗaukar su a matsayin masu ruɓar da abin da ya mutu kawai, kuma ana zaton ba su da yawa.

To sai dai a shekarar 1977, John Hobbie da abokan aikinsa sun fito da wata dabara ta tace ruwa da rina ƙwayoyin domin a ƙirga su kai tsaye. Nan aka gano cewa mililita guda ta ruwan teku, wato ƙasa da rubu'in cokalin shayi, na iya ɗauke da bakteriya kimanin miliyan ɗaya. Tambayar da ta biyo baya ita ce: me suke ci, kuma wa ke cin su?

Amsar da Azam da abokansa suka bayar ita ce, tsirran teku na zubar da wani kaso na abincin da suka haɗa a narke cikin ruwa, inda babu dabbar da za ta iya kama shi. Bakteriya ne ke tsotse shi, wasu halittu masu ƙwaya guda su cinye bakteriyar, sannan na gaba da su su cinye su, har abincin ya koma kan hanyarsa ta zuwa ga kifi. Masanan sun ƙiyasta cewa kashi 10 zuwa 50 cikin ɗari na sinadarin kabon da tsirran ke haɗawa na bi ta wannan hanya, wadda suka laƙaba wa sunan da ke nufin zagayen ƙananan halittu.

Batun ya shafi kowa, domin kusan rabin abincin da tsirrai ke haɗawa a duniya a teku ake haɗa shi, kuma teku na shanye kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa. Don haka masu hasashen sauyin yanayi da masu lissafin albarkatun kifi ba su da makawa sai sun san aikin waɗannan ƙwayoyi.

Yadda ake ƙirga ambato

Eugene Garfield ne ya fara fitar da kundin ƙidayar ambato na kimiyya a shekarar 1964. A 2005 kuma, Jorge Hirsch na Jami'ar Kaliforniya a San Diego, wadda cibiyar Scripps ke ƙarƙashinta, ya ƙirƙiro ma'aunin h. Masanin da ma'auninsa ya kai 50, yana da maƙaloli 50 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 50. Jami'o'i da dama na duba irin waɗannan alƙaluma wajen ƙarin girma da rabon kuɗin bincike.

Sai dai alƙaluman na buƙatar fassara. Maƙalolin da ke koyar da dabarar aiki sun fi tara ambato, saboda duk wanda ya yi amfani da dabarar dole ya ambace ta. Wasu daga cikin ayyukan Azam da aka fi ambata na wannan rukuni ne, kamar waɗanda ya rubuta da ɗalibinsa Jed Fuhrman a 1980 da 1982 kan auna saurin hayayyafar bakteriya. Bugu da ƙari, Lawrence Pomeroy na Jami'ar Jojiya ya riga ya gabatar da ginshiƙin wannan tunani tun a 1974, amma maƙalar 1983, wadda ta ba shi suna mai saurin kama baki, ita ta fi shahara. Hatta masu suka ambato suke ƙarawa: a 1986 Hugh Ducklow da abokansa sun gabatar da shaidar cewa kaɗan ne daga abincin da bakteriya suka ci ke isa ga manyan dabbobi, lamarin da ya haifar da muhawara ta shekaru.

Akwai kuma ƙorafin cewa manyan kundayen ƙidayar sun fi karkata ga mujallun Turanci na ƙasashe masu arziki, yayin da mujallun jami'o'in Afirka da yawa ba sa ciki. Irin waɗannan matsaloli ne suka sa wasu editoci da masana suka tsara sanarwar San Francisco a 2012, wadda ta nemi a riƙa auna bincike da abin da ya ƙunsa maimakon sunan mujallar da ta buga shi.

Game da Azam dai, shaidar tasirinsa ta wuce alƙaluma. Ƙungiyar masana nazarin tafkuna da tekuna ta Amurka ta ba shi lambar yabo ta Hutchinson a 1995, kuma zagayen da ya bayyana ya shiga littattafan da ɗaliban ilimin teku ke fara karantawa.