DARASIN KIWON LAFIYA: MAI CIWON HUHU, KADA KA ZAUNA

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na Dantchiao, da na ƙasar Magarya da Dungas baki ɗaya.

Darasinmu na yau a kan ciwon huhu ne, wanda ba ya warkewa. Kun san shi. Mutum ya yi shekaru yana tari da majina. In ya je rijiya sai haki. In ya ɗauki damen hatsi sai ya tsaya, ya dafa ƙirji. Ya fi kama dattawa masu shan taba, da iyayenmu mata da suka tsufa gaban murhu, cikin hayaƙin itace da kara. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ma, ciwon yakan bar masa tabo a huhu. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce a shekarar 2021 wannan ciwo ya kashe mutum miliyan 3 da rabi.

To, me muke ce wa irin wannan maras lafiya? Mukan ce: "Baba, zauna ka huta." "Inna, bari yara su yi." Tausayi ne, gaskiya. Amma wannan zama yana ƙara masa ciwo. Ku saurara ku ji dalili.

Ku dubi garka a fadama. Akwai rijiya. Akwai babbar hanyar ruwa. Daga ita ƙananan hanyoyi ke rabuwa, kowace ta kai ruwa fangalinta. In ƙananan hanyoyin suka cike da yashi, ko rijiya na da ruwa shuka za ta bushe.

Haka jikinmu yake. Huhu ne ke jawo iska mai amfani, wadda ake kira oksijan. Jini ya ɗauke ta. Zuciya ta tura jinin cikin manyan jijiyoyi. Daga nan sai ya shiga wasu ƙananan jijiyoyi, waɗanda ke kewaye da kowane zaren tsoka. Sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A cikinsu ne jini ke sauke iska, tsoka ta samu ƙarfin aiki.

A shekarar 1998, likitoci a Kebek, ƙasar Kanada, sun ɗebi ɗan nama kaɗan daga cinyar masu wannan ciwo. Suka duba. Suka tarar ƙananan jijiyoyin nan sun ragu, ba su kai na masu lafiya ba. Ashe ciwon bai tsaya a ƙirji ba, ya sauka har ƙafa.

Ga yadda abin ke tafiya. Mutum yana tsoron haki, sai ya rage tafiya. Tsokar da ba ta aiki takan rame, hanyoyin jininta su ragu. Ran da ya tashi tafiya, iska ba ta isa tsoka yadda ya kamata. Sai wani tsami ya taru a cikin nama, ƙafa ta yi nauyi. Jiki kuma ya nemi ƙarin numfashi don ya kori tsamin nan. Sai haki ya fi na da. Sai mutum ya ƙara zama. Bana ya kasa zuwa gona, baɗi ya kasa zuwa masallaci.

Yanzu ga labari mai daɗi. Huhun da ya lalace ba ya komawa sabo. Wannan kam ba za mu ruɗe ku ba. Amma ƙafa tana gyaruwa. In mutum yana tafiya a kai a kai, jini yana gudu da ƙarfi cikin tsoka. Tsokar da kanta ke fitar da wani sinadari mai sa sababbin jijiyoyi su tsiro, kamar mai garka yana yashe hanyoyi yana haƙa wasu. A shekarar 2013, likitocin garin Monfeliye a Faransa sun gwada haka. Bayan makonni na motsa jiki, ƙananan jijiyoyin masu ciwon sun ƙaru. Ba su ƙaru kamar na masu lafiya ba, amma sun ƙaru. Huhu yana nan yadda yake, tafiya kuwa ta yi sauƙi.

To, yaya za a yi?

Da farko a je gidan likita. Tarin da ya wuce mako 2, a auna majina, don kada ya zama tarin fuka. Shi yana da magani na wata 6, kuma yana warkewa. In likita ya yarda, sai a fara.

A yi tafiya a kalla sau 3 cikin mako. A fara da minti 5 ko 10. A riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, har a kai minti 20 ko 30. Wanda ba shi da agogo ya sa alama: yau zuwa gindin kuka, jibi a wuce ta. Yi tafiyar da za ta sa ka haki kaɗan, amma kana iya amsa gaisuwa. In hakin ya yi yawa, tsaya. Ja iska ta hanci. Tsuke baki kamar mai fito, ka fitar da ita a hankali. In ka huce, ci gaba. Wannan haki ba ya ɓata huhu.

A gida, a zauna bisa kujera ko turmi a tashi, sau 10. Yana ƙarfafa cinya.

Kada a yi gaggawar ganin amfani. Sai bayan mako 6 zuwa 8 ake jin canji. In kuma an daina, cikin ƴan watanni ƙarfin zai tafi.

Ranar da hazo ya rufe gari, a jira ya lafa. Lokacin bazara a fita da sanyin safiya. Mai shan taba ya bari. Mata su fitar da murhu waje, inda iska ke kaɗawa.

In ƙirji ya yi ciwo, ko jiri ya kama mutum, ko ya ga jini a majina, ko ƙafafu sun kumbura, ko zazzaɓi ya taso, a bar tafiyar. A kai shi gidan likita a ranar. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi babban asibitin Magarya ko na Damagaram.