Baƙin Man Sintetik: Ya Dace da Janareta da Babur, Ko Ɓarnar Kuɗi Ce?

A Kurya Madaro, kamar sauran garuruwan da ke tsakanin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, yawancin wayoyi da wutar janareta suke cika. Ranar da injin mai caji ya buga, rabin unguwa sai ta kwana ba caji. Shi ya sa bidiyoyin da ake yaɗawa a TikTok da YouTube kan baƙin man sintetik suke jan hankalin matasa. A cikinsu za a ga Turawan Amurka suna zuba Mobil 1 a mota, suna shafa shi a bindiga, a kwaɗo, har a cen ɗin keke, kamar babu abin da ba ya yi. Man yana da kyau, babu gardama. Sai dai don wani aiki takamaimai aka haɗa shi.

Baƙin mai na yau da kullum daga ɗanyen mai ake tace shi, kuma ƙwayoyinsa ba girma ɗaya ba ne. Na sintetik kuwa a masana'anta ake gina ƙwayoyinsa su zo kusan iri ɗaya, don haka ya fi jure zafi, ba ya saurin ƙonewa ya zama dauɗa. Mobil 1 ya shigo kasuwa a 1974. Tun 1999 kuma, bayan wata taƙaddama tsakanin Mobil da Castrol, aka amince a Amurka a riƙa kiran man da aka tace shi sosai daga ɗanyen mai da sunan sintetik. Ke nan kalmar da ke jikin galan ba ta isa hujja ita kaɗai ba.

Lambobin sun fi ta amfani. A 20W-50 ko 5W-30, lambar farko tana nuna yadda man ke gudana da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan ya kai zafin digiri 100. A ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40, lamba ta biyu ce abin dubawa. Yawancin sintetik ɗin da ke cikin bidiyoyin nan, irin su 0W-20, marar kauri ne, na sababbin motoci. A zuba shi a tsohon inji da ringinsa ya ci, sai hayaƙi, sai man ya riƙa raguwa.

Babur ne ya fi shan wahalar wannan kuskure. A Boxer da ire-irensa, mai ɗaya ne ke wanke inji da giya da kuloci, kuma kulocin a cikin man yake zaune. Man mota na zamani ana ƙara masa sinadarin santsi don rage shan fetur, kuma wannan santsin yana iya sa kuloci ya riƙa zamewa: a murɗa, inji ya yi ƙara, babur bai ja ba. Saboda haka ne Japan ta fito da ma'aunin JASO a 1998. Man da aka rubuta wa JASO MA ko MA2 shi ne na babur mai irin wannan kuloci, sintetik ne ko ba sintetik ba.

Ƙaramar janareta irin Tiger, wadda ake haɗa mata mai da fetur, lissafinta daban ne. Man da ke cikinta ƙonewa yake tare da fetur, don haka 2T take buƙata, yawanci kusan mililita 20 a kowace lita. Man mota, kome tsadarsa, ba a yi shi don ya ƙone ba. Toka yake bari a fulogi da salansa, har inji ya fara wahalar tashi.

Babbar janareta mai wurin zuba mai daban za ta karɓi sintetik lafiya lau idan kaurinsa ya yi daidai da abin da littafinta ya ce. Amma a nan mutane ke ruɗuwa. Suna jin ana cewa sintetik yana daɗewa, sai su jinkirta juye. A mota akwai filtar mai da ke tace datti. Yawancin waɗannan injina ba su da ita. Ƙurar hunturu da ɓarɓashin ƙarfe a cikin man suke zama suna goge inji, kuma babu sinadarin da ke narkar da yashi. Honda ta ce a yi wa ƙananan injinanta irin GX160 juyen farko bayan awa 20, daga nan kowace awa 100. Mai cajin da ke kunna inji awa goma a rana zai cika awa 100 cikin kwana goma. Idan kuɗinsa ba za su kai ga sintetik a kowane juye ba, gara ya sayi man yau da kullum mai kyau ya riƙa juye a kan lokaci, ya kuma wanke soson iska. Kuma tunda jabun mai ya cika kasuwa, har hukumar SON na kamawa lokaci-lokaci, galan mai hatimi daga gidan mai ya fi wanda ake aunawa a gorar ruwa.

Shafa shi a wajen inji kuwa, zai yi santsi na ɗan lokaci, amma a sarari ƙura yake kamawa ya zama kamar kunun yashi. A cen, ɗigo kaɗan a goge sauran. Keken ɗinki da fanka man keke marar kauri suke so. Tsohon man da aka juye kada a shafa shi a kome, datti ne a cikinsa kuma yana cutar da fata. Ramin cajin waya da ya toshe kuma ba ya son mai kowane iri: a kashe wayar, a share da tsinken sakace a hankali.