Me Ya Sa Burtsatsen Maƙwabci Ke Ba da Ruwa, Naka Ya Fito a Bushe?

Duk wanda ya zauna a Kano ko Zariya ko Kaduna ya san irin wannan labari. Magidanci ya tara kuɗi, ya kira masu motar haƙa su yi masa rijiyar burtsatse. Inji ya wuni yana ruri, farar ƙura ta rufe layi, aka nutsa mita 60, aka ƙara, amma ko danshi babu. Maƙwabcinsa kuwa, wanda katanga ɗaya ce ta raba su, a mita 40 ya tarar da ruwa, har 'yan garuwa na jera kurarsu a ƙofar gidansa. Daga nan sai baki ya rabu. Wasu su ce rabo ne, wasu su ce mai haƙar ne ya yi ha'inci, wasu ma su soma raɗe-raɗin an yi wa gidan wani abu. Rabo gaskiya ne, amma yana da sababi, kuma sababin na cikin dutsen da garin ke zaune a kai.

Da yawanmu mun ɗauka akwai wani kogi ko tafki a ƙarƙashin ƙasa, wanda da zarar bututu ya taɓa shi an gama. A mafi yawan wurare ba haka abin yake ba. Ruwan ƙasa ruwan sama ne da ya nutse, ya samu mazauni a 'yan gurabun da ke tsakanin ƙwayoyin yashi, ko a cikin tsagogin dutse. Ka cika kwano da busasshen yashi, ka riƙa tsiyaya ruwa a hankali. Yashin zai shanye kusan kashi ɗaya cikin uku na cikin kwanon kafin ruwa ya bayyana a sama. Gurbin da ya ɓoye wannan ruwa shi ne abu na farko da masana ke aunawa. Na biyu shi ne sauƙin da ruwa ke samu wajen ratsawa daga gurbi zuwa gurbi, kuma biyun ba tafiyarsu ɗaya ba. Laka ta fi yashi gurbi, tana iya riƙe ruwa kusan rabin girmanta, amma marowaciya ce, ba ta sakinsa. Shi ya sa kududdufi mai laka a ƙasansa ke kai ruwa har rani, fili mai jigawa kuwa ya tsotse nasa kafin hantsi.

Wanda ya fara mayar da wannan sani zuwa lissafi wani injiniyan Faransa ne mai suna Henry Darcy, wanda ya jawo wa birnin Dijon ruwan famfo. Ya tsayar da bututu, ya cika shi da yashi, ya riƙa tura ruwa ta ciki yana auna abin da ke fita. A 1856 ya wallafa abin da ya gano: yawan ruwan da ke ratsawa na ƙaruwa daidai da bambancin matsi tsakanin mashiga da mafita, yana raguwa gwargwadon tsawon yashin, sannan kowane irin yashi da nasa hali. Da wannan ƙa'ida ake aiki har yau, a aikin rijiya da na haƙar man fetur, har ma'aunin ratsawar ruwa a dutse sunansa aka sa masa. Sai dai Darcy da yashi ya yi gwajinsa, kuma mu a tsakiyar Arewa ba a kan yashi muke zaune ba.

Kusan rabin Najeriya na kan wani tsohon ƙanƙararren dutse ne da ya haura shekara miliyan 500, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Inda ya leƙo sama shi ne ake ganin Dutsen Kufena a Zariya, da Kwatarkwashi a Zamfara, da Zuma a hanyar Abuja. Lafiyayyen irin wannan dutse gurbinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ruwa ba ya shigarsa balle ya fita. Wuri biyu kawai ruwa ke samu. Na farko shi ne ruɓaɓɓen saman dutsen, inda ruwan sama da zafi suka cinye shi a tsawon zamani ya koma burji da yashi da laka. Kaurinsa kan kai mita 10 zuwa 30, wani wuri ya fi, wani wuri babu shi sam. Daga nan rijiyoyin guga na iyaye da kakanni ke sha, kuma shi ya sa suke ja baya idan bazara ta yi tsanani. Na biyu shi ne tsagogin da ke cikin dutsen na ƙasa. Ruɓaɓɓen saman tamkar rumbu ne, tsagogin kuwa su ne hanyoyin da ke kai ruwan rumbun ga bakin burtsatse.

A nan ne lissafin ke da ban mamaki. Ruwan da tsaga ke wucewa da shi ba ya ƙaruwa daidai da faɗinta, ninkuwa yake yi har sau uku a jere. Idan wata tsaga ta ninka wata faɗi sau biyu, ruwanta zai ninka sau takwas. Idan ta ninka ta sau goma, ruwanta ya ninka sau dubu. Don haka tsaga ɗaya tal da katin waya zai iya shiga ta fi ɗaruruwan tsagogi masu sirantar gashi amfani. Bakin burtsatse kuma bai wuce tafin hannu biyu ba. Wanda ramin nasa ya yanki babbar tsaga mai haɗe da 'yan uwanta ya dace. Wanda ya kauce mata da taku biyar sai ya yi ta niƙa dutse yana fitar da gari.

Wannan ne ya sa nake jin takaici idan na ga an ƙi biyan kuɗin awon ƙasa kafin haƙa, alhali bai kai ko kusa da kuɗin haƙar ba. Masu awon kan kafa ƙarafa a ƙasa su tura lantarki, domin jiƙaƙƙen ruɓaɓɓen dutse ya fi lafiyayye barin lantarki ya wuce. Na'urar ba ta ganin ruwa ido da ido, kuma mai gaskiya a cikinsu ba zai rantse maka ba. Abin da take yi shi ne nuna inda ruɓaɓɓen saman ya fi kauri da inda ake kyautata zaton dutsen ya karye. A filin gida mai ɗaki uku da aka zagaye da gini, zaɓin ma kaɗan ne. Haka nan maganar "a ƙara zurfi" ba kullum take magani ba. Nauyin dutsen da ke sama na matse tsagogi, suna ƙara ƙuntata da ƙaranci yayin da ake nutsawa, har ya zama kowace mita da aka ƙara kuɗi ne ake zubawa da ƙaramin fata.

Mutanen Damagaram sun fi kowa sanin wahalar samun ruwa a cikin dutse. Garinsu na zaune ne a kan irin wannan dutse, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake ambata na mayar da babban birnin Nijar daga can zuwa Yamai a 1926. Har yau daga rijiyoyin da ke nesa da gari ake jawo masa ruwa ta bututu.

A gefen Borno da Sakkwato labarin ya sha bamban, domin can shimfiɗu ne na yashi da laka, wani kan wani, masu zurfin ɗaruruwan mitoci. A yankin Tafkin Chadi akwai hawa uku na yashi mai ruwa, laka ta danne na tsakiya da na ƙasa. A shekarun 1950 da 1960, da aka huda lakar, ruwa ya riƙa bulbulowa da kansa ba tare da inji ba. An bar da yawa daga cikin rijiyoyin nan suna kwarara dare da rana, matsin ya ragu, wasu suka daina fitowa. Ruwan da ke can ƙasa ya shekara dubbai da sauka, tun lokacin da yankin ke samun ruwan sama fiye da na yanzu, kuma daminar bana ba za ta mayar da abin da aka ɗiba ba.

Amma abin da ya fi damuna ba ƙafewar rijiya ba ne. Hanyar da ke kawo ruwa ita ce ke kawo ƙazanta. A cikin yashi, ruwa kan yi tafiyar da ba ta wuce taku ɗaya ba a yini, wani lokaci ɗani ɗaya ma bai cika ba. Yashin na tace shi, ƙwayoyin cuta da yawa na mutuwa a hanya kafin su isa rijiya. A cikin buɗaɗɗiyar tsaga babu matata, kuma ruwa na iya yin mita goma-goma, har ɗaruruwa, a yini guda. Ƙa'idar da masu aikin tsafta ke bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, su da kansu kuma sun ce a tsagaggen dutse ko dutsen farar ƙasa wannan tazara ba ta isa ba. To, gida nawa ne a tsofaffin unguwanninmu ke da mita 30 tsakanin shadda da bakin rijiya? Ko mai gida ya kiyaye a nasa filin, shaddar maƙwabci na jingine da katangarsa.

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙasashe matalauta ce kawai. A watan Mayun 2000, a wani ƙaramin gari mai suna Walkerton da ke lardin Ontario na Kanada, an yi ruwan sama mai yawa bayan an watsa takin shanu a wata gona kusa da ɗaya daga cikin rijiyoyin garin. Rijiyar ba ta da zurfi, kuma daga tsagaggen dutsen farar ƙasa take sha, ƙasar da ke samansa kuma ba ta da kauri. Ƙwayoyin cuta suka bi ta nan suka shiga famfunan gari, maganin kashe su da ake zubawa kuma bai kai yadda ya kamata ba. Mutum 7 suka rasu, kimanin 2,300 suka kwanta, a garin da jama'arsa ba su wuce 5,000 ba. Dutsen farar ƙasa yana da ƙarin haɗari, domin ruwa na narkar da shi sannu a hankali, tsagoginsa su yi ta faɗaɗa. Irinsa ne ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato ana yin siminti.

Ƙwayar cuta dai tana da ajali. Fetur da ke yoyo daga tankin gidan mai da aka binne, ko ruwan sinadarin masana'antar jima, ba su da shi a kusa. Yayin da suke bin tsaga, wani kasonsu na kutsawa cikin 'yan ƙananan ƙofofin jikin dutsen ya lafe. Ko an toshe inda yoyon ke fitowa, dutsen zai ci gaba da amayar da abin da ya sha, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Ruwan kuma na iya fitowa garai-garai, ba wari ba launi.

Burtsatsen kansa na iya zama ƙofar ɓarna. Idan ba a zuba siminti an like tsakanin bututun da bangon ramin a mitocin farko na sama ba, ruwan kwata da na shadda sai ya bi gefen bututun ya gangara kai tsaye zuwa tsagar da kowa ke sha. Buhunan siminti kaɗan ne aikin, amma a nan ake yawan yin tsumulmula, tun da mai gida ba ya gani. Sannan idan gida goma a layi ɗaya suka zura sumo, wato injin zuƙo ruwa, a tsaga ɗaya, kowa ya kunna nasa da an kawo wuta, ruwan zai ja baya, mai gajeriyar rijiya ya fara rasawa, ruwan saman da ya fi dauɗa kuma a jawo shi ƙasa da ƙarfi.

A ganina babbar asarar da muke yi ita ce ta rubutu. Kowace rijiya da aka haƙa leƙe ne cikin ƙasa da aka biya da tsada: a mita nawa burji ya ƙare, a ina aka shiga dutse, a ina ruwa ya fara fitowa, nawa yake bayarwa a awa. Mai haƙa ya san duk wannan a ranar, sai ya naɗe kayansa ya tafi da shi a ka. Rijiyar da ta fito a bushe ma tana da labarin da zai hana na gaba asara, amma ita ce ake gaggawar cikewa a manta. Da hukumomin ruwa na jihohi na karɓar wannan bayani daga kowane mai haƙa suna tarawa, da kowace unguwa ta samu taswirar abin da ke ƙarƙashinta. Kafin a kai can, mai gida na iya sa sharaɗi tun wurin ciniki cewa sai an ba shi wannan bayani a takarda, ya tsaya da kansa ranar zuba simintin, ya kuma kai ruwan a gwada a ɗakin gwaji bayan saukar ruwan farko na damina, lokacin da abin da ya taru a ƙasa tun rani ke samun hanyar gangarawa.