Haɗarin Gas Yana Wurin Haɗi

Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a Damagaram a watan Nuwamban 2011, tukunyar gas ta daina zama kayan gidajen manyan ma'aikata na Yamai kaɗai. A wancan lokacin hukuma ta yanke kuɗin ɗura mai kilo 6 a kan sefa 1,800, mai kilo 12.5 kuma 3,750, don jama'a su rage saran itace a ƙasar da hamada ke ci kullum. Yau a Birnin Ƙonni, Malbaza, Galmi, Illela da Badagishiri, za ka tarar da tukunya a teburin mai shayi, a rumfar mai suyar ƙosai, a fadar samari, a akwatin gefen tirela, har ma a gonar albasa, inda wasu manoma suka juya injin ban ruwa ya koma shan gas maimakon fetur.

Wannan ci gaba ne, domin matar da ta huta da hayaƙin itace ta tsira da idonta da huhunta. Sai dai kayan sun riga ilimin aiki da su isowa. Mutane da yawa tukunyar suke tsoro, alhali ƙarfe ne mai kauri wanda da wuya ya fashe haka siddan. Gobarar gas ta fi farawa daga 'yar tazarar da ke tsakanin bakin tukunya da murhu, wato kan da aka ɗaura, da tiyon da aka jona, da 'yar robar da ke toshe mahaɗa. Wanda ya iya wannan wuri ya kauce wa mafi yawan haɗarin.

Abin da ke cikin tukunya

Gas ɗin girki, butan ne ko furofan ko gaurayensu, a matse yake cikin tukunya har ya zama ruwa, shi ya sa ake jin motsinsa idan an ɗaga ta. Lita ɗaya ta wannan ruwa tana zama kusan lita 250 ta iska idan ta fito. Kuma kashi 2 cikin 100 kacal na gas a cikin iskar ɗaki ya isa ya kama da wuta. Ke nan lita ɗaya da ta tsiyaye za ta iya mayar da ƙaramin shago ko kan tirela wurin da ƙyastin ashana ɗaya zai tashe shi.

Gas ya fi iskar da muke shaƙa nauyi. Ba ya tashi sama ya fice ta taga, kwantawa yake a ƙasa kamar ruwa, ya bi rami, ya shiga ƙarƙashin gado, ya taru a kwata. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai don hanci ya yi gargaɗi. Haka kuma ba a cika tukunya maƙil, ana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar fanko saboda ruwan yana kumbura da zafi. A yankin da watannin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, wannan fankon shi ne tsaron tukunya.

Murhu iri biyu ne, kada a gauraya

Akwai kan murhu da ake murɗawa kai tsaye a bakin tukunya mai kilo 3 ko 6, a ɗora tukunyar miya a bisa. An ƙera shi don ya karɓi gas da cikakken ƙarfinsa, kuma ƙofar da gas ke fitowa a cikinsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Akwai kuma murhun tebur mai kai biyu ko uku, da na gashin nama mai raga, waɗanda ake jona wa tiyo. Yawancin waɗannan gas mai sanyin ƙarfi suke buƙata, don haka dole ya bi ta na'urar rage ƙarfi, wadda masu sayarwa a nan ke kira detandar, a tsallaken iyaka kuma regileta. A jikinta an rubuta ƙarfin da take fitarwa: 28 ga butan, 37 ga furofan, a ma'aunin milibar. A zafin digiri 40, ƙarfin da ke cikin tukunyar butan ya kai wajen ninki 100 na abin da murhun tebur ke buƙata, na furofan kuwa ya haura ninki 300.

Idan aka jona murhun tebur kai tsaye babu detandar, wuta za ta tashi da ruri, ta rabu da kan murhu tana lilo, tiyo ya kumbura ya suɓuce. Idan kuma aka bi da kan murhu mai son ƙarfi ta cikin detandar, wutar za ta fito 'yar mitsitsiya, ba ta tafasa ko butar shayi. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi muni. Mai murhu ya ga wuta ta ƙi, sai ya ɗauko allura ko ƙusa ya faɗaɗa ƙofar gas, ko ya kai wa mai gyaran babur ya fasa detandar ya cire abin da ke cikinta. Wuta ta yi ƙarfi, ya yi murna, bai san ya cire birki ba ne.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka da Turai akwai motocin tafiye-tafiye masu ɗaki da madafa a ciki, masu tankin furofan nasu. Masu irin waɗannan motoci kan so su jona ƙaramin murhun gashi da tankin, sai su ci karo da abu guda: gas ɗin motar an riga an rage masa ƙarfi, murhun ma yana da nasa abin ragewa, ragi biyu kuma yana kashe wuta. Maganin da masana can ke bayarwa shi ne a sayi mahaɗin da aka ƙera don wannan murhu, a kuma yi gashin a waje, nesa da jikin mota. Ƙa'idar ɗaya ce ko'ina: ga murhu mai buƙatar ragi, ragi ɗaya, daidai da murhun, ba biyu ba, ba kuma babu ba.

A kasuwar iyaka abin ya fi rikitarwa. Tsakanin Ƙonni da Illelar jihar Sakkwato kaya na shiga suna fita, kuma bakin tukwane ba iri ɗaya ba ne. Wata detandar murɗa ta ake yi, wata danna ta ake yi ta kama. Idan ba ta zauna da kanta ba, ba ta wannan tukunyar ba ce. Naɗa leda, tsumma ko robar tayar keke don a cike giɓi ba gyara ba ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda ake haɗawa

A fitar da tukunya fili ko wuri mai iska, a tabbatar babu garwashi, sigari, fitilar ƙwai ko turaren wuta a kusa. A rufe maɓallan murhu duka. A duba 'yar baƙar robar da ke mahaɗar detandar da tukunya: idan ta tsage, ta bushe ko ta faɗi, a tsaya nan sai an sami wata. Kuɗinta bai kai na kofin shayi ba, amma ita ke riƙe da gas ɗin gaba ɗaya. Yawancin detandar masu murɗawa ta hagu suke ɗauruwa, saɓanin sauran noti, don haka wanda ya ga ta ƙi shiga kada ya sa ƙarfi ya cinye zaren.

Tiyo na gas ne kaɗai ake sawa. Tiyon ruwa, da na injin ban ruwa, da farin tiyon da magina ke awo da shi, duk gas yana cinye su, zafi kuma yana sassauta su. Tiyon kirki yana da rubutu a jikinsa har da shekarar da wa'adinsa zai cika, kuma na roba zalla ba ya wuce shekara biyar. A lanƙwasa shi a duba, idan ƙananan tsaga suka bayyana ya gama aiki ko da wa'adin bai yi ba. A ɗaure bakinsa biyu da zoben ƙarfe mai noti, ba da waya ko zare ba. Kada ya wuce mita biyu, kada ya bi ta bayan murhu inda zafi ke dukansa, kada kuma a yi masa ƙari.

Sai gwaji. A kaɗa sabulu a ruwa har ya yi kumfa, a buɗe tukunya murhu na rufe, a shafa kumfar da soso a bakin tukunya, da jikin detandar, da bakin tiyo biyu. A tsaya a zuba ido. Inda kumfa ta fara hurowa tana girma, nan ne yoyo yake. A rufe, a gyara, a sake gwadawa. Wanda ke neman yoyo da ashana ko laita yana wasa da ransa da na maƙwabta. Idan komai ya yi daidai, a ƙyasta ashana tukuna sannan a buɗe murhu. Wuta mai kyau shuɗiya ce, a zaune take a kan murhu. Ja ko rawaya mai baƙanta gindin tukunyar girki alama ce ta murhu ya toshe ko iska ba ta isarsa. In an gama girki a fara rufe tukunyar gas, wutar ta cinye abin da ke cikin tiyo, sannan a rufe murhu.

Masu girki a kan hanya

Babbar hanyar ƙasa ta ɗaya ta ratsa Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi, daga Tsarnawa kuma hanyar Tawa ta balle ta bi ta Badagishiri. Direbobin da ke jiran lodin siminti a Malbaza ko na albasa a Galmi kan kwana a wurin, kuma da yawansu da 'yar tukunyarsu suke yawo. Abin da aka saba gani shi ne yaron mota ya tsuguna a inuwar tirela, ya kunna wuta dab da tankin mai, iska na kaɗa harshenta, ga jarkoki a gefe. Abin da ya dace shi ne a matsa taku da yawa daga mota, a kafa tukunya a ƙasa mai tauri, a kare iska da faifan ƙarfe, ba da kwali ko tabarma ba.

Kada a yi girki a cikin kan mota ko a rufaffen shago, ko da sanyin hunturu ya matsa. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da wata guba marar wari marar launi, wadda ke fara wa mutum da ciwon kai da jiri da barci, ta kashe shi bai farka ba. A lokacin tafiya a cire kan murhu ko detandar, a tsayar da tukunya a tsaye, a ɗaure ta a wuri mai iska. Kada a bar ta cikin mota a rufe a rana, inda zafi kan haura digiri 60. Kada kuma a kwantar da ita yayin girki, ko a kai ta kusa da wuta wai don ragowar gas ya fito, domin in an kwantar da ita ruwan gas ne zai bi tiyo ya fito a murhu da wutar da ba a iya tarewa. Manomin da ya juya injinsa na ban ruwa zuwa gas ma haka: tukunya a tsaye, a inuwa, nesa da salansa, kuma wanda ya san aikin ne zai yi juyin.

Wanda ke ganin ƙaramar tukunya ba ta isa ta yi ɓarna ba, ya tuna da Mina. Ranar 15 ga Afrilun 1997 wuta ta tashi a tantunan alhazai daga tukunyar gas ta girki, iska ta kwashe ta, sama da mutum 340 suka rasu. Bayan haka ne Saudiyya ta kafa tantunan da ba sa cin wuta, ta kuma hana girki da tukunyar gas a wurin. Juyen gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama a lungu ma haɗari ne babba, don babu awon da ke hana a cika ta maƙil. Ranar 4 ga Janairun 2020 wani shagon ɗura gas ya tashi a Sabon Tasha ta Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya. A sayi gas wurin dillalin da aka sani, a karɓi tukunya mai hatimi a baki, a ƙi wadda ta lotse ko tsatsa ta ci gindinta.

Idan aka ji wari

A rufe tukunya, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da yara da tsofaffi. Kada a taɓa maɓallin lantarki, kunnawa ko kashewa, kada a kunna fanka ko tocila a ɗakin, kada a tayar da babur a tsakar gida. Idan yoyon daga bakin tukunya ne kuma ya ƙi tsayawa, a fitar da ita fili nesa da wuta da ramin kwata. Idan wuta ta kama tiyo kuma hannu na iya kaiwa, a naɗa jiƙaƙƙen tawul a rufe bakin tukunya, wutar za ta mutu da kanta. Idan kuwa wuta ta riga ta kewaye tukunyar, ba sauran jarumtaka: kowa ya yi nesa, a hana 'yan kallo taruwa, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. Wanda ya ƙone a zuba masa ruwa mai sanyi mai tsabta na kimanin minti 20, a rufe wurin da kyalle mai tsabta, a garzaya asibiti. Ba a shafa man goge baki, manja, ƙwai ko toka.

Muna kira ga dillalan gas na Ƙonni, Malbaza da Illela da kada su miƙa tukunya ga sabon mai saye sai sun nuna masa yadda ake haɗawa da gwajin sabulu. Shugabannin tashoshin mota su ware wurin girki nesa da motoci, gidajen rediyon gari da limamai su riƙa tunatarwa, musamman gab da bazara da watan azumi, lokacin da ake girkin sahur da magagin barci. Kai kuma mai karatu, kafin a ɗora girkin gaba a gidanka, duba roba, duba shekarar da ke jikin tiyo, ka kaɗa ruwan sabulu ka gwada. Allah Ya kare mu daga gobara.